Safar hannun kamun kifi a kan ƙanƙara ta ishe ni

Hunturu uku ke nan ina fita kamun kifi a kan ƙanƙarar tafkin Mille Lacs a jihar Minesota ta Amurka, har yau ban samu safar hannun da ta cika alkawarin da aka rubuta a kwalinta ba.

Mai kauri akwai ɗumi, amma ba ka iya ƙulla zare a ƙugiya da ita, balle ka zare ƙugiyar daga bakin kifi. Dole ka cire. Ga sanyi digiri 20 ƙasa da sifili, ga hannu a jiƙe, kafin ka gama ƙulli ɗaya yatsu sun sandare kamar itace.

Sai na koma kan marar kauri ta neoprene, wata irin roba mai laushi, milimita 2, wadda aka ce ruwa ba ya shigarta. Ranar Asabar na tsoma hannu a ramin da aka huda a ƙanƙarar zan ciro kifi, sai ga ruwa yana tsattsafowa ta ɗinkin da ke gindin babban yatsa. Ashe ɗinki kawai aka yi, ba a liƙe shi da gam ba! Kuma ko ba ta yoyo, gumi ba ya samun hanyar fita, hannu ya jiƙe ta ciki, iska na busowa sai raɗaɗi.

Abin da ya fi ƙona min rai, a kantin da na saya an ɗaure su bibbiyu da roba, ba halin ka zura hannu ka gwada ɗaukar ƙugiya. Kuɗin ma ba kaɗan ba. Yanzu dai ta roba irin ta asibiti nake sawa, in ɗora ta ulu mai yankakkun yatsu, ga tawul rataye a wuya.