An zuba mini fulawa a miya don a gwada ko ƙarya nake yi

Jiya da daddare yayata ta kaɗa fulawa a tukunyar miyata da gangan, ta zuba ido na ci na ƙoshi, sannan ta faɗa a gaban kowa tana dariya. Yanzu haka da nake wannan rubutu cikina a kumbure yake tamkar ganga, kaina na sara, na kwana ina zarya tsakanin ɗaki da banɗaki. Abin da ya fi ciwon cikin ci mini rai shi ne duk gidan babu wanda ya buɗe baki ya ce mata ba ta kyauta ba.

Ina da cutar siliyak, wadda cin alkama ke lalata wa mai ita hanji, kuma duk mai ita da ke zaune cikin dangi ya san irin zaman da nake nufi. Shekaru na yi ina fama da gudawa da rama da ƙarancin jinin da ba ya jin magani, kafin a ɗebi jinina a gwada, a zura mini na'ura ta baki a tsakuro ɗan naman ƙaramin hanji, likita ya ce daga yau babu ni babu alkama da sha'ir da wani danginsu da ake kira hatsin rai har ƙarshen rayuwata. Na ware tukunyata da ludayina da matacina, na samu lungu ɗaya a kicin na jera su. Ban hana kowa cin burodi ba, ban kuma ce a canja cefane saboda ni ba. Roƙona ɗaya ne, kada a taɓa kayana da hannun fulawa. Shi kenan na zama mai tsirfa, mai iyayi, wadda ta fi ƙarfin abincin gidan ubanta. A yanka burodi a kan katakona, a tace taliya da matacina, a tsoma ludayin tukunyarsu a tawa, in na yi magana a ce na cika mita.

To jiya aka wuce nan. Na gama ci na ture faranti, sai Yaya ta ajiye cokalinta, ta gyara zama, ta dube ni sama da ƙasa.

"To, 'yar gayu, yaya miyar?"

Na ce, "Lafiya lau, Yaya."

"Babu abin da kika ji? Cikin bai murɗa ba?"

A nan gabana ya faɗi, don na san wannan muryar tata. Na ce, "Me ya faru?"

Ta juya wajen Umma, ko kallona ba ta yi, kamar ba ni a wurin. "Cokali biyu na fulawa na kaɗa mata tun da yamma tana wanka. Ga shi ta cinye tas tana zaune daram. Umma, kin gani ko? Dama na gaya miki sanabe ne."

Na ce, "Yaya, don Allah da gaske kike?"

"A'a, da wasa nake. Ba ga ki nan ba? Kin faɗi ne? Kin suma?"

Ƙanena ya tuntsire da dariya har yana ƙwarewa. Na dubi Umma ina jiran kalma ɗaya tak. Abin da ta ce shi ne, "Ke ma dai da neman magana. Ke kuma ki yi haƙuri, ai 'yar'uwarki ce. Ɗan cokali biyu me zai yi miki? Ai ta dahu, wuta ta kashe koma mene ne." Baba ya ɗaga hannu ya ce a bar maganar, ana cin abinci. Aka bar ta kuwa. Na tashi hannuna na rawa, ina jin Yaya a bayana tana cewa, "Ku bar ta, yanzu za ta je ta ƙirƙiro ciwon."

Wuta ba ta kashe gulutin, Umma. Ba ƙwayar cuta ba ce da za a tafasa ta mutu, wani sinadari ne a jikin alkamar kanta, shi ne ma ke sa kwaɓin fulawa yin danƙo, kuma ko an gasa ko an soya yana nan. Kuma wa ya ce sai na faɗi a gabanku kafin ku yarda an cuce ni? Wannan cuta ba a fuska take aiki ba. Da zarar gulutin ya shiga, garkuwar jikina ce ke juyowa ta far wa bangon ƙaramin hanjina, ta shafe 'yan tsirarrakin da ke tsotse amfanin abinci. In sun shafe, sinadarin ƙarfe ba ya shiga jini, kalshiyam ba ya isa ƙashi, mutum ya yi ta ci yana ramewa. Wani sai bayan sa'o'i zai ji a jikinsa, wani sai washegari, wani ba zai ji komai ba alhali ɓarnar na gudana. Hanjin da na yi watanni ina lallaɓawa ya warke, shi aka mayar wurin gwaji don a ci gardama.

Ɗan cokali biyu! Ma'aunin da hukumar Codex Alimentarius, mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya, ta gindaya a 2008 shi ne abinci ba zai amsa sunan marar gulutin ba sai in abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ba. Bincike ya nuna miligiram 50 kacal a kullum ya isa ya lalata hanjin mai wannan cuta, wato abin da bai wuce ɓurɓushin burodin da ake kakkaɓewa daga tebur ba. Ita kuwa cokali ta cika har sau biyu ta kaɗa da hannunta, tana sane. Da ciwon sukari gare ni, za ta ɗura mini sukari a ɓoye ta zauna kallon ko zan faɗi? Da ta yi, ashe ba gidan nan gaba ɗaya zai taso mata ba?

Sai kuma waƙar da aka fi rera mini, wai ciwon Turawa ne na kwaso a intanet. Kusan mutum 1 cikin 100 a duniya na da wannan cuta, mafi yawansu ba su ma sani ba. Kuma ɗaya daga cikin wuraren da aka samu ta fi yawa a duniya a Afirka yake: binciken da aka buga a 1999 a kan yaran Sahrawi, wato mutanen Yammacin Sahara, ya samu kashi 5.6 cikin 100 na ɗauke da ita. Ba kuma sabuwar aba ba ce. Likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, ya lura a lokacin yunwar da aka yi a ƙasarsu daga 1944 zuwa 1945 cewa yara masu wannan ciwo sun samu sauƙi da burodi ya ɓace, suka koma gidan jiya da burodi ya dawo, kuma a 1950 ya rubuta bincikensa a kan haka. Fiye da shekara 70 ke nan, amma ni har yau sai na yi rantsuwa a gidanmu kafin a yarda ba na ƙirƙira. Abin da ke ƙara tayar mini da hankali, cutar tana bin jini. Iyaye da 'yan'uwan ciki ɗaya da 'ya'yan mai ita, kusan 1 cikin 10 na iya kamuwa. Na roƙi Yaya ta kai ɗanta a gwada shi, yaron da kullum cikinsa a kumbure kuma ya ƙi girma, ta ce in daina yi wa ɗanta mugun baki.

Amma in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Ina Yaya za ta ji labarin wannan cuta? Wace ma'aikatar lafiya ce ta taɓa ɓata minti biyar a rediyo ta yi wa mutane bayaninta? Mutum ya yi shekaru yana yawon asibiti, wannan ya ce gyambon ciki ne, wancan ya ce tsutsar ciki ce, a yi ta ɗura masa magani, ba wanda zai tuna da gwajin jini guda ɗaya da zai nuna inda matsalar take. In ma an tuna, sai an sha wahalar neman inda ake yin sa. Ka shiga kanti ka ɗauki gwangwani ko ƙunshin kayan ɗanɗano, ka juya shi gaba da baya, babu inda aka rubuta ko akwai alkama a ciki, ko kuma an rubuta da ƙananan baƙaƙen da sai ka nemo tabarau. Ɗan abin da aka rubuta masa marar gulutin kuwa, kuɗinsa ya ninka na kowa, kamar laifi muka yi ake cin mu tara.

Ba wai abin ya gagara ba ne. Amurka ta kafa ƙa'idar rubuta marar gulutin a jikin abinci tun 2013. A Tarayyar Turai dole ne a fito da sunan alkama da danginta ɓaro-ɓaro a jerin kayan haɗi. Italiya na bai wa duk wanda aka tabbatar yana da cutar tallafin sayen abinci duk wata, kuma a 2023 ta yi dokar gwada yara a faɗin ƙasar. Cutar da ba ta da ƙwayar magani, ba ta da allura, maganinta kawai a san abin da ke cikin abinci, ita ce hukumominmu suka kasa tilasta wa kamfanoni su rubuta layi ɗaya saboda ita. Sun bar mu da jama'ar da ba ta yarda mutum na ciwo sai ta gan shi a kwance, wadda ke ganin ƙin cin abin da aka miƙo maka rashin tarbiyya ne ko da zai kai ka asibiti. A makaranta haka, a wurin aiki haka, har a gadon asibiti burodi ake miƙo wa mai siliyak da safe, in ya ce ba ya ci a harare shi. Hukumomi su fito su yi wa mutane bayani, su sa gwajin nan a inda talaka zai iya kaiwa gare shi, su kama kamfanonin da ke ɓoye abin da suke zubawa a abinci. Aikin da ake biyan su albashi dominsa ke nan.