Elmina ba garin leƙawa a wuce ba ne

Jama'a, mai niyyar zuwa Elmina a gaɓar tekun Ghana, don Allah ya shirya kwana. Yawancin baƙi daga Accra suke tasowa da hantsi, cunkoson Kasoa ya cinye musu safiya, tafiyar kilomita kusan 150 ta kai su azahar. Su shiga gidan bayi, wato tsohon ginin Turawa da aka riƙa tsare bayi a ciki, cikin rana tsaka, su yi hoto, su juya. Ni a wurina wannan asarar kuɗin mota ce.

A hau mota a tashar Kaneshie da asuba zuwa Cape Coast, daga nan tasi zuwa Elmina, tafiya kaɗan ce. Mai fasfon ECOWAS ba ya buƙatar biza, amma kada a manta katin rigakafin shawara, ana tambayarsa a kan iyaka.

Ginin da kowa ke zuwa dominsa Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482 don cinikin zinariya, daga baya ya koma matattarar bayi. Holan ta ƙwace shi a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. A nan aka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896. Ɗan rakiya zai kai ku kurkukun mata, ya nuna benen da Baturen gwamnan gidan ke tsayawa yana zaɓar wadda yake so, sannan ƙunƙuntar ƙofar da ake fitar da mutane zuwa jirgi. A nan nake roƙo a ajiye waya a yi shiru. Cikin bayin da aka kora zuwa wannan gaɓa akwai mutanen arewa, waɗanda suka bi ta kasuwanni irin ta Salaga, inda fatake Hausawa ke zuwa sayen goro. Tarihin ya shafe mu kai tsaye.

Da la'asar a hau tudun St. Jago. Daga kansa Holan ta yi wa gidan ruwan igwa, kuma sai ka tsaya can za ka gane dalilin da suka gina wata ganuwar a samansa. Garin duka yana ƙarƙashinka.

Ribar kwanan tana zuwa da sassafe, a kan gadar tafkin Benya: kwale-kwale masu fenti da tutoci suna shigowa, mata suna ciniki da manyan kwanoni, hayaƙin banda na tashi. Sai dai ranar Talata masunta ba sa fita teku, wanda ya zo ranar zai tarar da bakin ruwa ba armashi, in ban da Talatar farko ta Yuli da ake bikin Bakatue, wato bikin buɗe kakar kamun kifi. A nemi izini kafin a ɗauki masunci hoto.

Samari a ƙofar gidan bayi za su tambayi sunanka, kafin ka fito sun rubuta shi a jikin katantanwa suna neman kuɗi. In ba ka so, kada ka faɗa. Tekun kuma ba kogi ba ne, igiyarsa na ja ta ƙasa, wanda bai saba ba ya tsaya iya idon sawu.