Ku biya bakanike kafin ku biya mota

Abin da ya sami bawan Allah nan na garinmu duk kun ji, ba sai na maimaita ba. Kuɗin riɗin da ya noma da na bajimin da ya sayar, duk ya zuba a sayen motar Golf, ko wata guda ba ta yi ba inji ya buga a hanyar Gumel. Kuma an ce masa ya tafi da bakanike ya duba ta kafin ya saya, ya ce kuɗin ya yi yawa. Wallahi abin ya ƙona min rai.

Jama'a, ku biya bakanike. Wanda zai iya ƙirga miliyoyi ya miƙa wa dillali, bai kamata 'yan dubban mai duba mota su tsone masa ido ba. In za mu sayi sa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, sai mun ɗauki wanda ya san dabba, ya buɗe baki ya duba haƙora. To me ya sa a kan mota kowa ke zama gwani?

Golf 3 ɗin nan da muke rububi, tun wajen 1991 aka fara ƙera ta. Ta yi rayuwarta a Turai, ta shigo ta Kwatano, ta bi hannu nawa kafin ta iso gare ka. Fenti kawai kake gani. Bakanike zai ce a tayar da ita da sanyin safiya, kafin inji ya ɗau zafi, don a lokacin ne ƙara ba ta ɓuya. Zai tsaya bayan salansa: shuɗin hayaƙi na nufin tana cin baƙin mai, farin da ba ya yankewa kuma yawanci ruwa ne ke shiga inji. Zai buɗe murfin baƙin mai, in ya ga ya yi kamar madara, magana ta ƙare. Ya san ana zuba mai kauri don a rufe ƙara, ya san ana mayar da mita baya. Zai kwanta ƙasa ya nemi waldar hatsari, ya ɗaga kafet ya nemi laka da tsatsa, musamman bayan ambaliyar Maiduguri ta 2024 da ta shanye motoci da yawa. Lambar shasi ma sai ta dace da ta takardun kwastam.

Wani zai ce makanikai na haɗa baki da dillalai. To wa ya ce ka ɗauki na dillali? Tafi da naka daga gida, wanda gobe shi zai gyara ta, ka biya masa kuɗin mota da abinci da haƙƙinsa cif. Masu cewa komai ƙaddara ce kuma, mun yarda, amma ba a hana mu bin sababi ba. Kuɗin da ka hana bakanike, ninkin ba ninkinsa za ka kai kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano neman wani injin. Ku biya bakanike, don Allah.

Su kuma direbobinmu na ranar kasuwa, ina roƙon ku da ku rage lodi. Mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, ga buhuna har but ba ya rufuwa, ga taya ta suɗe. Jiya na ga wata Sharan har da awaki a saman kaya, mata da yara a ciki. Shugabannin tasha, kuna gani fa, a gabanku ake lodin nan.