Ka biya kuɗi kuma a tashe ka da tsakar dare?

Na ga 'yan'uwa a nan unguwar Nima ta birnin Accra suna ta yi wa wani labari da aka rubuta a kan masu biyan kuɗi su koyi aikin jirgin ruwa dariya, wai wane mai hankali zai biya kuɗi a sa shi jan igiya a jirgin ruwa irin na da, mai tafiya da iska. To, ai ɗan koyon tela ma a unguwar Mamobi sai ya biya maigidansa kafin a ba shi almakashi.

Jirgi irin Statsraad Lehmkuhl na birnin Bagen a ƙasar Nowe, tun 1914 aka ƙera shi, har yau yana ɗaukar 'yan koyo. Ana raba su rukuni-rukuni, awa 4 a bakin aiki, awa 8 hutu, dare ko rana. Ka riƙe sitiyari, ka yi gadi a goshin jirgi, ka goge bene, tafin hannu ya yi kanta saboda igiya. Ga amai a kwanakin farko.

Abin da marubucin labarin bai faɗa ba shi ne biza da kuɗin jirgin sama, ga sidi, kuɗinmu na Ghana, yadda take. Yaron da ke son aikin teku don ya ci abinci, gara ya nufi jami'ar koyon aikin jirgin ruwa da ke Nunguwa a Accra, ya fito da takardar da kamfanoni a tashar jiragen ruwa ta Tema za su duba.