Sharhi kan labarin cocin St Martin da ke Landan

Na karanta labarin nan na cocin Angalikan ta St Martin-in-the-Fields, na kuma ga masu cewa wai an mai da ɗakin ibada kasuwa, tunda ana sayar da abinci a ƙarƙashin ginin, ana kuma karɓar kuɗin shiga in za a yi kiɗa da dare. Haba jama'a, a yi adalci mana. Tun 1726 ginin nan da ke bakin dandalin Trafalgar yake tsaye, kuma gyaran tsohon gini ba ƙaramin kuɗi yake ci ba. Baikon ranar Lahadi kaɗai ba zai riƙe shi ba.

Abin da marubucin ya taɓa sama-sama shi ne ya fi burge ni. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, limamin cocin, Dick Sheppard, ya bar ƙofa a buɗe domin sojojin da ke tafiya fagen daga ko dawowa su samu wurin kwana, ga tashar jirgin ƙasa ta Charing Cross nan kusa. Daga nan aka ɗora. Har yau wanda ke kwana a titi yakan je cibiyarsu da ke gefen cocin ya yi wanka, a wanke masa kaya, ya sha shayi mai zafi, a taya shi neman ɗaki, ba mai tambayarsa addininsa. Duk Disamba kuma gidan rediyon BBC kan nema musu gudummawa.

Akwai ma sujada da harshen Sinanci duk Lahadi, amma labarin ko ambatonta bai yi ba. Da ma marubucin ya je ya ji ta bakin masu halartarta.