Ƙwallon Abba da dogon hutun bana

Jama'a yau kam sai kun yi haƙuri da ni, maganar tana da ɗan tsawo. Tun da muka dawo daga Bauchi abin yake ci na a rai, kuma na san duk uban da yake da yaro mai buga ƙwallo a unguwa ya taɓa shiga irin wannan rigimar ko yana hanyar shiga.

Babban ɗana shekararsa 13, sunan mahaifina ya ci shi ya sa muke ce masa Abba. Yana buga wa wata 'yar ƙungiya a unguwarmu nan Kano, irin waɗanda yanzu kowa yake kira akadami ko da kuwa filin firamare ne da turakun gola na ƙarfen famfo babu raga. Tirenin ɗinsu Alhamis da Juma'a da yamma saboda ranakun ne babu Islamiyya, sai kuma Lahadi da sassafe. Wannan tsarin ni na yarda da shi tun farko, har but na saya masa na gwanjo a Kofar Wambai da jesi guda biyu, kuma ina zuwa kallo in na samu sarari. To ana saura kwana goma a yi hutun ƙarshen shekara sai yaro ya shigo da murnarsa wai an saka gasar dogon hutu, kuma koci ya ce shi ne lamba 8 ɗin da za a fara da shi. Na ce masha Allah, yaushe ne? Da ya faɗi ranakun sai na ji gabana ya faɗi, daidai sati biyun nan ne na watan Agusta da na yi wata uku ina bin oga a ofis kafin ya sa min hannu, don in kwashi iyali mu je gida wajen Hajiya a ƙauyenmu da ke ƙasar Alkaleri.

Gida ya rikice. Abba ya daina cin tuwon dare, in ka yi masa magana sai "to" kawai. Mamansu ta ce don Allah Baban Abba a bar shi wajen yayana mana, mu mu tafi da ƙannen. Koci da kansa ya zo har ƙofar gida bayan magariba ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce Alhaji a taimaka, akwai masu duba yara da za su zo daga Legas, wannan dama ce ba kullum ake samu ba. Na ce masa koci na gode da kulawa, amma yaron nan da shi za a tafi.

Kafin wani ya fara rubuta min cewa ni irin iyayen nan ne masu kashe wa yara baiwa, tsaya ka ji. Ni ɗan Pillars ne na gidi, ina cikin filin Sani Abacha a Ƙofar Mata kakar 2009/2010 lokacin da Ahmed Musa ya zura ƙwallo 18 a gasar lig yana ɗan saurayi siriri, a gabanmu ya tashi ya tafi Holan, daga can Rasha, daga can Ingila. Ranar da ya ci Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014 muryata sai da ta dishe, haka ranar Iceland a 2018. Kuma ni na sha bulala a kan ƙwallo, don a zamaninmu in aka ganka da ƙura a ƙafa bayan la'asar to kai da Baba ne, ƙwallo a wajensu aikin marasa aikin yi ne. Ban so in yi wa ɗana haka ba kuma ban yi ba.

Amma abin da nake gani yanzu, mun tashi daga wancan gefen mun faɗa ɗaya gefen ne gaba ɗaya. Da uba yana dukan yaro don ya je fili, yanzu uba yana kallon ƙafar yaro kamar wata takardar fili a Abuja. An ga Zaidu Sanusi ya fito daga Jega ya je Porto, an ga Sadiq Umar ya fito daga Kaduna yana buga wa manyan ƙungiyoyi a Sifen, shi kenan kowa ɗansa ne na gaba. Ka zagaya Kano da yamma kawai, daga Dorayi zuwa Hotoro zuwa Kurna zuwa Sheka, ka ƙirga filaye nawa ne cike da yara, sannan ka ƙirga 'yan Arewa nawa ka sani da suke cin abinci da ƙwallo a Turai. Yatsun hannunka ma sai sun yi saura. Abin haushin kuma, wancan uban mai bulala da wannan mai lissafin daloli duk abu ɗaya ya haɗa su, babu wanda yake zuwa bakin fili ya tsaya ya ga me yaron yake yi, da su wa yake yawo, waye ma kocin. Wasan yaran nan da yawa ni kaɗai ne uba a wajen, sai mai rake da mai fiya wata.

Maganar masu duba yara kuwa, ita ce ta fi ba ni dariya. Dokar FIFA a fili take, ba a ɗaukar yaro daga wata ƙasa zuwa ƙungiyar wata ƙasa sai ya cika 18, in ban da 'yan wasu dalilai ƙalilan kamar a ce iyayensa ne suka koma can da zama don wani abin da ba ƙwallo ba. To ɗan shekara 13 me mai dubawa zai yi da shi a watan Agustan bana wanda ba zai iya yi baɗi ko baɗin waccan ba? In yaro ya iya, ya iya, ƙwallo ba ta ɓuya. Abin da na fi gani da idona shi ne ejan ya zo da fom, a ce kuɗin sikirinin, a ce kuɗin fasfo, a ce kuɗin biza, akwai maƙwabcinmu da ya sayar da fulotinsa a kan irin wannan, yau shekara uku yaron yana nan yana tuƙa adaidaita, lambar ejan kuma kullum a kashe. Sannan ga yanke shekaru, a ce gasar 'yan ƙasa da 13 amma ka ga ƙato an kankare masa gemu da reza, maƙogwaro ya fito, in ya taka ɗanka sai kun kwana wajen mai ɗori. Wannan ciwon ba na unguwa ba ne kaɗai, ai saboda shi ne FIFA ta fara saka yara a na'urar MRI ana duba ƙashin wuyan hannu tun gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009, wadda mu muka karɓi baƙuncinta har aka buga wasu wasannin a nan Kano. Da a ce Ramat Cup ce da ake yi duk shekara don tunawa da Janar Murtala aka kira yaron, wallahi da na zauna na sake lissafi. Amma gasar da aka haɗa a WhatsApp, kowace ƙungiya ta kawo kuɗin rajista, kofin ma sai ranar fainal za a je a sayo?

Kuma akwai abin da ba a faɗa, ƙwallon yaro ɗaya tana iya cinye gida gaba ɗaya ba ka lura ba. Lahadinmu ta zama ta Abba, kuɗin mota na Abba, wankin jesi cikin dare na Abba, hirar cin abinci duk ta Abba ce da wanda ya ba shi fasin da wanda ya hana shi. Ƙanwarsa Ummi fa ta fi shi gudu, duk intahaus ita take zuwa ta ɗaya a makarantarsu, amma ban taɓa tambayarta ko tana son kambas ba sai da mamanta ta yi min gori. Wannan laifina ne na karɓa. To yanzu kuma a ce hutun da kowa yake jira shi ma a miƙa wa ƙwallo?

Mu fa hutunmu ba Dubai ba ne. Hutun talaka zuwa gida ne. Da can sau uku muke zuwa a shekara, ƙaramar sallah, babbar sallah, da dogon hutu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, daga baya har ta wuce dubu, sai tafiyar ta koma sau ɗaya tak. Hajiya kuwa ta tsufa, ido ya yi rauni, jikokinta da murya take gane su da shafa kai. Abba ko sunansa ba ta faɗa tunda sunan mijinta ne, Maigida take ce masa, in mun iso ta fara tsiya kenan, wai wane irin miji ne wannan shekara guda babu cefane babu ko turmin atamfa. In na bar shi a Kano me zan ce mata? In ce Maigidanki yana can yana buga lamba 8? Gasa za a sake sakawa a Disamba, a saka a Afrilu, Hajiya kuwa Allah kaɗai ya san damina nawa ta rage mana tare.

Haka muka kama hanya da asuba. Daga Wudil har Birnin Kudu har Ningi yaron nan bai ce uffan ba, ya jingina kai da gilashi, ko tsiren da na tsaya na saya bai taɓa ba. Na ƙyale shi. Kwana ɗaya ya yi yana kumbure-kumbure, rana ta biyu da la'asar na neme shi na rasa, ashe yana bayan firamaren garin ya sa but ɗinsa da safa har gwiwa cikin yaran da ko silifa babu a ƙafarsu, ƙwallon ma duk faci ce. Ina tsaye daga gindin wata tsamiya ina kallo, wani ɗan ƙanƙanin yaro da bai kai kafaɗarsa ba ya yanke shi sau biyu a jere har ya zauna a ƙasa, fili ya ɗauki ihu wai ɗan birni ya sha ƙasa. Sai na ga Abba ya koma gefe ya cire but ɗin ya ajiye ya dawo da ƙafa. Tun daga ranar ba mu ƙara jin maganar gasa ba sai jefi-jefi.

Baffansa ya ja shi gona, nan aka gano ɗana ɗan JSS 2 bai san bambancin gero da dawa ba in suna tsaye, aka yi ta yi masa dariya, ya riƙe fartanya rabin awa hannu ya yi ruwa. Amma ya ci ƙwan zabi har ya gaji, ya ci gasasshiyar masara daga karanta zuwa wuta, ya sha fura da nonon da ba a sirka da ruwa ba, da daddare kuma suna tabarma ɗaya da Hajiya tana ba shi labarin kakansa, abubuwan da ni kaina ban taɓa ji ba wallahi.

Kwana ɗaya muka ware muka shiga gandun dajin Yankari. Abin kunya, a ƙaramar hukumarmu take amma rabona da ita tun ina sakandare, mu dai ba mu iya zuwa waje don kallo kawai ba sai in biki ko rasuwa. Muka shiga ta ƙofar Mainamaji. Da yake damina ce ciyawa ta rufe ko'ina, giwa ko ɗaya ba mu gani ba, direban ya ce sai da rani in sun taru a bakin ruwa, amma ga gadu suna yawo a sansani kamar awaki, birai kuwa ba kunya, wani ƙato ya fizge ledar burodi daga hannun Ummi ya hau bishiya yana ci yana kallonta, ta yi kuka ta gaji ta koma dariya. Ruwan Wikki shi ya biya kuɗin man, garau kana ganin yashin ƙasa, da ɗuminsa wajen digiri 31 dare da rana, sai da na yi da gaske kafin yaran su fito. Hajiya dai ta ƙi zuwa, ta ce ita da ta girma giwaye suna cinye musu gona ba za ta biya kuɗi ta je gaishe su ba.

Mun dawo mun tarar an cire su Abba a wasan kusa da na ƙarshe da bugun fenariti. Shi har yau ya yi imani da yana nan da sun ɗauki kofi, ban yi masa musu ba. Masu dubawa daga Legas kuwa na tambayi yara uku, babu wanda ya gan su. Koci ya ajiye shi a benci, wai horo ne don sauran su gani, kuma gaskiya ban ji haushinsa ba sosai, mutumin nan babu mai biyansa ko sisi, da kuɗin facinsa yake saya wa yara ruwa, kuma yaran da yake tarawa a filin nan da yawansu da ba don shi ba da suna lungu wajen 'yan shaye-shaye. Abin da na roƙe shi kawai, kuma nake roƙon duk masu haɗa irin wannan gasa, ku saka ta a satin farko na hutu ko na ƙarshe, ku faɗa wa iyaye tun da wuri ba saura kwana goma ba, ku daina saka yaro a tsakiya ya zaɓa tsakanin kocinsa da kakarsa, ɗan shekara 13 ba shi da wannan ƙarfin.

Jiya da daddare Hajiya ta sa an kira mata ni, ko gaisawar kirki ba mu yi ba ta ce ba ni Maigida. Ina jin su, tana tambayarsa ko mai ƙwallon ya huce ya mayar da shi, ya ce a'a har yanzu benci yake, ta ce to ka ce masa matarka ce ta riƙe ka, in yana da magana ya zo Alkaleri ya same ta. But ɗin ma ashe can ya baro wa ɗan ƙanƙanin nan da ya zaunar da shi, sai da za a tafi tirenin ranar Alhamis na ji, yanzu ga ni da komawa Kofar Wambai ƙarshen wata.