Shaye-shayen matasa: a kama aikin yadda muka kama na shan-inna

Duk ranar 26 ga watan Yuni, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe don yaƙi da miyagun ƙwayoyi, abin da muke gani a biranenmu kusan iri ɗaya ne. A raba riguna da huluna, a yi tattaki, manya su yi jawabi, wani lokacin a cinna wa tarin wiwi wuta a gaban 'yan jarida. Washegari saurayin da ke zama a kangon bayan layi yana nan inda yake, ƙanensa ɗan shekara 12 kuma yana kallonsa. Wannan ƙanen shi ya fi damuna. Bai taɓa ɗanɗanawa ba tukuna, kuma shi ne ake mantawa da shi.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi a 2018 ya gano a Najeriya akwai mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 da suka yi amfani da kayan maye a cikin shekara guda. Miliyan 10.6 na shan wiwi, miliyan 4.6 na shan magunguna irin su taramol ba bisa ƙa'ida ba, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A jihar Kano kaɗai an ƙiyasta sun haura miliyan ɗaya. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana ƙoƙari wajen kame, musamman tun da Janar Buba Marwa ya karɓi ragamarta a 2021, kuma ba na raina wannan. Amma mun ga iyakar hani da kame da idonmu. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC da ya tada hankalin kowa. Kwalbar ta yi tsada, sai yara suka karkata ga roci da taramol da sukudai da sholisho. An toshe ƙofa ɗaya, amma abin da ke tura yaro neman ƙofar yana nan.

Shi ya sa nake ganin wanda za a ɗora a kan shirin rigakafin shaye-shaye a jiha ya kamata ya zama ma'aikacin lafiyar al'umma, kuma ba sai ya je nesa neman darasi ba. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna, mutane suna gudun ɗigon kamar guba. Abin da ya juya lamarin aiki ne mai wahala, marar ado. Aka shigo da sarakuna ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. Aka ɗauki matan unguwa masu shiga gida-gida, waɗanda matar gida ta san su ta san iyayensu. Aka riƙa rubutu da alli a jikin bango, ana shafa tawada a yatsan yaro, da yamma kuma a zauna a ƙirga yara nawa aka samu, nawa suka kuɓuce, gidan wa aka ƙi, don me. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji. Ƙirge da naci da sanin gida-gida ne suka kai mu nan.

Da irin wannan ƙirgen ƙasar Aisland ta ci nasara a kan shaye-shayen yaranta. A 1998, kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 da 16 sun ce sun bugu da giya a cikin wata guda. Zuwa 2016 ya koma kashi 5. Masu shan taba kullum suka sauko daga kashi 23 zuwa 3. Tambayoyi suka riƙa raba wa ɗalibai a kai a kai, ba tare da rubuta suna ba: awa nawa kake yi da iyayenka, sun san inda kake da dare, me kake yi bayan an tashi makaranta? Sakamakon kowace unguwa a mayar mata da shi, iyaye da malamai su zauna a kansa. Suka hana yara yawon dare, suka zuba kuɗi a wasanni da ƙungiyoyin yara. Na san za a ce ƙasa ce mai arziki, mutanenta ma ba su kai na ƙaramar hukumar Dala ba. Gaskiya ne. To amma takardar tambaya ba ta fi ƙarfin kowace jiha ba, kuma mu muna da abin da su sai da suka gina: mai unguwa, limami, malamin Islamiyya, ƙungiyar ƙwallo a kusan kowane layi.

Lokacin da ya fi hatsari shi ne tsakanin La'asar da Isha, da kuma bayan Isha. Filayen ƙwallo da yawa an yanka su filoti, na makarantu an kewaye su da shaguna. Shugaban shirin da ya iya ƙwato wa unguwa fili ɗaya, ya samo koci mai ɗan alawus, ya haɗa yara goma da kafinta ko tela ko mai gyaran waya, ya yi abin da lacca ɗari ba za ta yi ba. Tsoratarwa kaɗai ba ta hana yaro. Amurka ta shafe shekaru tun 1983 tana tura 'yan sanda azuzuwa da shirin DARE na gargaɗin ɗalibai kan ƙwayoyi, daga baya bincike ya nuna tasirinsa kaɗan ne ƙwarai. Abin da ya fi amfani shi ne koya wa yaro yadda zai ce wa abokinsa a'a ba tare da ya ji ya zama bare ba, kuma malamin da ya saba da shi ne zai koya masa.

Sai 'yan mata. Su ba a kango suke sha ba, a ɗaka ne, ko a gidan biki, a cikin robar lemo. Ɗan sintiri ba zai gan su ba, amma matar da ke shiga gida-gida za ta gani. Haka lebura da mai adaidaita sahu da ke haɗiyar taramol don jiki ya jure aiki: shi ba nishaɗi yake nema ba, kuma wa'azin da aka tsara don ɗan majalisar dare ba zai shige shi ba. Iyayen da suka gano ɗansu ya fara kuma, ina za su kai shi? Gidajen marin da aka fasa a Rigasa da Daura a 2019, aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa, sun cika ne saboda uba ya rasa inda zai dosa. Asibitin masu taɓin hankali na Dawanau a Kano da na Barnawa a Kaduna ba za su ɗauke kowa ba. Kamata ya yi ma'aikacin ƙaramin asibitin unguwa ya iya tambaya cikin sirri, ya ba da shawara, ya tura gaba in abin ya yi nisa.

Akwai inda shugaban shirin zai gamu da turjiya mafi tsanani, kuma gara ya sani tun farko. Ko 'yan jagaliya ne a Kano, ko sara-suka a Bauchi, ko kalare a Gombe, kowa ya san wanda ke saya musu kayan maye idan zaɓe ya ƙarato. Gwamnan da ya naɗa shugaban shirin yana iya samun mutanensa a cikin masu yin haka. Don haka kafin ya karɓi takardar naɗi, ya nemi a kafa shirin da doka, a ware masa kaso a kasafin kuɗi, sannan a wajabta buga sakamakon ƙirgen kowace mazaɓa duk shekara, ko ya yi wa gwamnati daɗi ko bai yi ba.